Ƙoƙon Fura A Bakin Ganuwa

Kakata ta wajen uba ba ta iya fura ba. Haka na taso na sani, haka kuma nake gaya mata a gaban kowa, tunda tsakanin jika da kaka babu shamaki. Gero kawai take dakawa ta cura shi salam, ba citta, ba kanumfari, ko barkono ɗaya ba ta jefawa a turmi. In na kurɓa sai in yamutsa fuska in ce mata, tsohuwa, wannan ai ko akuya sai an roƙe ta. Ita kuma ta ce in ajiye mata abinta, uwar tsiwa, wa ya gayyace ni. Wata rana Inna, mahaifiyata, ta ja ni gefe ta ce in rage wannan wasan, wai a can Kano har daga wata unguwa ake aikowa roƙon furar tsohuwar nan saboda ƙamshin kanumfarinta. Na yi dariya, na ɗauka kare uwar mijinta take yi.

Mu ba 'yan asalin garin Tamawa ba ne. Basasar Kano ce ta watso mu ƙasar Katsina, lokacin da 'yan gida ɗaya suka zare wa juna takobi a kan sarauta. Ubangidan su Baba yana ɓangaren da aka kora, don haka da ya fita sai kowa nasa ya bi shi, mata da yara da jakuna. Baba da wansa manoma ne, baka da kibiya na harbin gada suka sani, amma aka rataya musu kwari aka ce su ma mayaƙa ne. Ni ina goye a bayan Inna, ban san wainar da ake toyawa ba. Abin da na tashi na tarar shi ne, mun baro Kano da maza biyu a gidanmu, mun iso ƙasar Kurfi da ɗaya. Wan Baba, wanda muke kira Baba Babba ko da ba mu san shi ba, ba a sake ganinsa ba tun ranar da rundunar ta yi tsayuwarta ta ƙarshe a wani ƙaramin gari mai ganuwa.

Shi ne ɗan farin kakata. Kunyar ɗan fari ta wancan zamani kuwa ba irin ta yanzu ba ce da ake yi a baki. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ana yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi. In ya shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a ɗaki. Inna ta ce abu ɗaya ne ke tsakaninsu. Kullum da hantsi tsohuwar za ta dama fura a wani ƙoƙo mai baki-baki, ta ba yaro ta ce a kai wa mutanen waje, alhali kowa ya san mutum ɗaya take nufi. Shi kuma in ya shanye sai ya shigo kamar wucewa zai yi, ya kife ƙoƙon a bakin ƙofarta. Iyakar hirarsu ke nan, uwa da ɗa, har ya yi gemu.

Ranar da garin nan ya faɗi, bayan mata da yara sun ƙetare rairayin gulbi sun shiga kurmi, Baba ya riske su shi kaɗai. Inna ta ce tsohuwar ta tsaya a gabansa tana tambayarsa mutane ɗaya bayan ɗaya. Ina liman? Ina maƙerin unguwarmu? Ina yaron da ke yi mana kiwo? Har jakin gidanmu sai da ta tambaya. Baba yana amsa mata, wannan ya fita, wannan ya faɗi, wannan ban gan shi ba. Da ta zo kan mutum ɗayan da ya rage sai ta yi shiru. Baba ma ya yi shiru yana jiran ta tambaya. Ta sunkuya ta ɗauki kayanta ta ce a tafi kada rana ta faɗi. Shirun nan shi ne muka zauna a cikinsa har na yi wayo, har na isa aure. Ba a yi masa sadakar uku ba, ba a yi ta arba'in ba, don babu wanda ya buɗe baki ya ce ya mutu.

Da an bar ta haka, wataƙila da ta haƙura a ranta. To sai ga Nasara sun zo sun ci ƙasa, suka hana sayar da mutane. Aka fara ganin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen baya suna dawowa, wasu daga kudu, wasu daga arewa can wajen Buzaye, ƙafa duk faso, suna bi gari-gari suna cigiyar danginsu. A Tamawa ma wani ya dawo wanda matarsa ta daɗe da yin wani auren. Tun daga ranar kakata ta tsiri kasuwanci. Duk ranar kasuwar Kurfi za ta ɗora 'yar ƙwaryar daddawa a ka, ta kama hanya da sandarta, ta zauna a bakin hanyar da baƙi ke shigowa. Da yamma ta dawo da daddawarta kusan yadda ta tafi da ita. In na tsokane ta na ce 'yar kasuwar da ba ta ciniki, sai ta ce mutanen Kurfi ne ba su san daddawa ba.

Aka yi mini aure aka kai ni Dutsin-Ma, gidan malamai ta wajen Shema. Mijina shi ya koya mini karatu da rubutu, Allah ya jiƙansa, da haƙurinsa ya fi ƙarfin bakina. Da cikina na fari ya tsufa aka maido ni gida goyon ciki, cikin bazara. Na tarar da tsohuwar ta zube. Idonta ya yi hazo, sai ta kusa manna fuska da abu kafin ta gane shi, ƙafafunta sun kumbura. Amma ranar kasuwa na zagayowa na ga ta ɗauko ƙwaryarta. Na ce ba inda za ta, ta ce ba ni na haife ta ba. Na ce to mu tafi tare. Inna ta yi ta salati tana cewa mai tsohon ciki ba ta wannan tafiyar, na yi kunnen uwar shegu na yafa zane na bi ta.

A ranar na ga abin da take yi. Duk namijin da ya shigo da alamar doguwar tafiya, sai ta ɗaga kai ta bi shi da idon da ba ya gani sosai. Wajen azahar wani dogon mutum ya tsaya kusa da mahauta, ya ba mu baya, da 'yar jakar fata a kafaɗa. Tsohuwar ta miƙe ba sanda, ta bar ni da ƙwarya. Ta zagaya shi ta dama, ta zagaya ta hagu, ta kasa duban fuskarsa, don in shi ne ai ba ta da damar kallonsa. Ta kasa tambayar sunansa, don in shi ne sunan zai faɗa. Daga ƙarshe ta dubi ƙasa ta ce, baƙo, daga wace ƙasa? Ya ce shi mutumin Daura ne, gida yake nema. Ta dawo ta ɗauki daddawar duka ta juye masa a jaka, mutumin yana ta godiya bai san dalili ba. A hanyar komawa ta zauna a gindin wata tsamiya ta kasa tashi, sai da wani mai jaki ya taimake mu. Na yi kuka a hanyar nan, kukan haushi ne ya fi yawa.

Da muka isa gida na ce mata, tsohuwa, ɗanki na biyu yana nan a zaure, lafiyarsa ƙalau, ki tambaye shi mana. Ta ce in tambaye shi me? Na ce kin sani. Ta ce Allah ya shirye ni, gidan malamai ma bai koya mini kunya ba, ta juya mini baya. Na koma kan Inna na tsare ta a madafa, na ce shin Baba ya san abin da ya faru ko bai sani ba. Ta daɗe tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta ce bayan an watse, Baba ya ɓace musu na 'yan kwanaki, ya dawo farcensa cike da jar ƙasa, ya kasa cin abinci. Ita ma ba ta tambaye shi ba. Na ce to me ya hana shi gaya wa uwarsa? Ta ce yana da nauyi ɗa ya tunkari uwarsa da maganar ɗan farinta ba ta nema ba, kuma yana tsoron ranar da ta ji, ranar za ta kwanta. Na ce ai ga shi nan tana mutuwa a kan hanyar Kurfi, ku kuna nan kuna kunya. Wallahi a ranar na tsani kunya, na rantse ni ba zan yi ta ga nawa ɗan ba.

Ban cika rantsuwar ba. Da na haihu, namiji, ungozoma ta ɗaga shi yana tsala kuka, mata sun cika ɗaki, ban san lokacin da na juya fuskata bango ba. Babu wanda ya sa ni. Raina kamar zai fita don son in gan shi, amma wuyana ya ƙi juyawa. Sai ɗaki ya yi sarari nake satar kallon 'yan yatsunsa. A nan na gane tsohuwar ba taurin kai take yi ba, da gaske ba za ta iya ba, ko da za ta mutu a kai. Na kuma gane in ba a bi ta wata hanya ba, haka za ta mutu.

Ita ke kula da wankan jegona, duk da ciwon ƙafar. Tana zaune a kan kujera tana ba Inna umarni, a ƙara wuta, a tsoma ganyen runhu, a fyaɗa mini da kyau. Bayan wankan safe takan shigo ɗaki ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya, ni kuma ina kan gadon ƙasa ina shan kunun kanwa. A daidai lokacin Baba kan zo kafin ya tafi sharar gona, ya tsaya a bayan asabari ya tambayi kwanan mai jego, don ba ya shigowa. Ana saura kwana biyu suna, da ya gaisa zai juya, na ce Baba ka ɗan zauna, tambaya gare ni. Na ji ya ja turmi ya zauna.

"Baba, ga shi na haifi namiji," na ce, "in ya girma zai tambaye ni mazan gidanmu. Ni ban san yadda Baba Babba ya ƙare ba. Ni nake tambaya, ka ba ni labari."

Inna tana tsakar gida, na ji taɓarya ta tsaya. Na zaci tsohuwar za ta ajiye yaron ta fita. Ba ta fita ba. Ta sunkuya tana gyara masa zanen da yake a gyare.

Da Baba ya fara, da ni yake magana, yana cewa kin ji, kin gane, kamar mu biyu ne kawai a gidan. Ya ce sun shiga garin nan ne da yunwa, rabin rundunar ta riga ta zame, dawakai sun rame. Ganuwar tsohuwa ce, ta gabas akwai inda ruwan damina ya cinye ta, suka toshe da ƙaya da itace. Nan aka ajiye 'yan baka, shi da wansa a ciki. Abokan gaba suka iso da hantsi. Abin da ya fi ci masa rai, ya ce, shi ne ana kiran juna da suna ta saman ganuwa, don duk an san juna, wani maƙwabcinka ne, wani kun yi karatun allo tare, kowa kuma yana kabbara. Su Baba sun kore su sau da dama. Kafin rana ta take tsaka kibau suka yi ƙaranci, har suna tsintar waɗanda aka harbo musu suna mayarwa. Sai aka cinna wa ƙayar wuta. Sai kuma labari ya zo cewa an sari shugabansu a ƙofar kudu, masu dawakai sun fara sulalewa ta yamma.

Ya ce babban 'yan baka ya bi su yana cewa gari ya tafi, abin da ya rage shi ne mata da yara su samu su ƙetare rairayi su shiga kurmi, kuma rairayin yana da faɗi, mai goyo ba ta gudu a cikinsa. Ana son waɗanda za su riƙe gurbin nan har su ƙetare. Ba a tilasta wa kowa ba. 'Yan kaɗan suka tsaya. Baba ya ce shi ma ya tsaya, amma wansa ya fizge kwarinsa ya juye sauran kibau a nasa, ya ce masa kai kana da goyo, ni ba ni da kowa, tashi ka bi su. Baba ya ƙi, sai wan ya ɗaga masa murya, abin da bai taɓa yi ba.

Baba ya ce tun da safe, kafin a fara, wani yaro ya kawo fura daga wajen mata, ya ce an ce a kai wa mutanen ganuwa. Gari babu abinci, ɗan geron da ya rage ne aka daka. Wansa ya ajiye ta a gindin ganuwa bai samu sha ba. To a lokacin nan, wuta na ci, hayaƙi ya rufe ko'ina, sai ya tsuguna ya ɗauki ƙoƙon ya kafa kai.

"Ya shanye tas," in ji Baba. "Ya goge baki ya ce mini, ka gaya mata na sha. Ka ce na ji kanumfarin."

Ya ce daga bakin kurmi ya waiwaya, yana hango su a gurbin, suna raguwa, har mace ta ƙarshe ta fita daga rairayi ba a keta su ba. Bayan ƙura ta lafa ya koma garin cikin manoman wurin kamar ɗaya daga cikinsu. Ya sami wan nasa a inda ya bar shi, raunukansa duk ta gaba. Shi ya haƙa masa kabari da hannunsa a gindin ganuwar, wani tsohon malamin garin ya yi musu salla. Ƙoƙon kuwa yana nan gefe, jingine da ganuwa, a kife.

Daga nan ban sake jin komai ba sai kukan Baba, dattijo da furfura, a bayan asabari. Ya ce in roƙar masa gafara wajen wadda ya riƙe wa saƙo. Na dubi tsohuwar. Hawaye na bin kumatunta yana ɗiga a kan zanen jaririn, ba ta share ba. Ba ta dubi ƙofa ba, ni ta duba.

"Ki gaya wa ubanki saƙo ya iso," ta ce. "Ki ce ya tafi gonarsa, rana na yi."

Washegari ta aiki Inna gidan liman a kai tsaba, a ce sadaka ce ta wani mamaci na gidan nan. Sannan ta sa aka nemo mata citta da kanumfari. Da kanta ta zauna gaban turmi, ta ƙi a karɓa mata sai da hannunta ya gaza. Ƙamshin ya cika gidan har maƙwabta suna leƙowa. Da aka kawo mini tawa na kurɓa, na buɗe baki zan tsokane ta kamar kullum, sai na sake kurɓa. Inna gaskiya ta gaya mini.

Ranar suna mijina ya zo da mutanensa daga Dutsin-Ma. Don girmamawa ya bar wa Baba zaɓin suna. Muna ciki muka ji maroƙi ya ɗaga murya daga ƙofar gida ya faɗi sunan, mata suka rangaɗa guɗa. Tsofaffin da suka baro Kano tare da mu ba su yi guɗa ba, suka juya suna duban kakata, don sun san sunan wa aka mayar. Kowa ya zaci za ta laƙaba wa yaron wani suna na sakayawa, kamar yadda aka saba. Ta miƙa hannu aka ba ta shi. Ta kawo fuskarsa dab da tata saboda idon, ta kalle shi sosai, ta kira sunan, cikakke, a gaban mata duka. Bakinta ya yi tuntuɓe a kansa kamar mai koyon magana. Ta sake kira. Ta yi ta kira a hankali har yaron ya yi barci, babu wadda ta yi mata dariya.

Ba ta sake zuwa kasuwar Kurfi ba. Ta rasu cikin daminar nan, gero ya fara fitar da kai, a ɗakinta, Baba na riƙe da hannunta. Baba ya yi ta cewa abin da ya ji tsoro ne ya faru. Ni kuwa har gobe ina ganin gara haka da a tsince ta a gindin tsamiya da ƙwaryar daddawa.

Sunan da ta kira ba zan rubuta shi a nan ba. Na iya rubutu, na san haruffansa, amma sunan ɗan farina ne. Yau shi ma ya yi furfura, yana da jikoki. In ya zo gaishe ni yakan tsaya a zaure, ni kuma in dama fura in zuba kanumfari da yawa, in kira ɗaya daga cikin yaran in ce a kai wa mutanen waje.